Filin Gwaggo: Amarya ta samu tab, ni an kawo min akwati

Wasiƙun makon nan sun taru a kan na'urorin kallo, abin da a da ba ya cikin abubuwan da ke haɗa miji da mata faɗa. Ga ta farko, daga Anguwan Rogo a nan Jos.

"Gwaggo, ina gaishe ki da kyau. Shekarata 17 da aure, 'ya'yanmu biyar. Maigidana yana sana'ar kayan gwari a Farin Gada, yana lodin dankalin turawa da kabeji zuwa Kudu. Bara ya ƙara aure, ban ɗaga hankalina ba, ni ce ma na gyara wa amarya ɗaki. Bayan Sallah kasuwa ta yi masa kyau, ya shigo da leda biyu ya buɗe a tsakar gida. Ta amarya tab ce sabuwa dal, Samsung Galaxy Tab A9, har da layi a ciki. Tawa kuwa wani ɗan baƙin akwati ne da bai fi tafin hannuna ba, an rubuta Xiaomi a jiki, da rimot, wai a jona da talabijin ɗin falona. Ƙanena ya je Taminus ya tambayo kuɗinsu, ya ce tab ɗin ta ninka akwatin har da ɗori. Ya kuma karanto min kwalayen: tata ram 4 da ma'ajiya 64, nawa ram 2 da ma'ajiya 8. Gwaggo, ko ban yi boko mai zurfi ba na san 64 ta fi 8. Yau mako uku akwatin yana ƙarƙashin gado. Ran girkina ina dafa masa abinci, amma daga sannu da zuwa sai sai da safe. Babbar 'yata za ta rubuta JAMB, ita ce ta fi kowa buƙatar tab a gidan nan. Wannan ba wulaƙanci ba ne? In mayar masa da akwatinsa, ko in tafi gidanmu sai ya sayo min irin tata?"
Uwargida, Anguwan Rogo

'Yata, ajiye mayafin nan ki zauna. Ba inda za ki.

Na ji zafin da kika ji, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Duk macen da ta taɓa zama da abokiyar zama ta san wannan lokacin, ana buɗe leda, hannunki yana kan taki, idonki yana kan ta waccan. Kishi kumallon mata ne. Wadda ta ce miki ba ta taɓa auna tsarabarta da ta kishiya ba, ki yi mata murmushi kawai ki bar ta da Allah. Maigidanki kuma ya yi wauta, ba sai an ɓoye ba. Mai mata biyu ba ya kawo kyauta iri biyu ya baje a tsakar gida ya yi shiru, ya bar zukata su yi wa kansu fassara.

Amma ke ma da naki laifin. Mako uku! Gaba da uban 'ya'yanki biyar a kan abin da ko wuta ba ki jona masa ba? Shi kuma wannan ƙanen naki, ɗan rahoton Taminus, ki gaishe min da shi, ki ce Gwaggo ta ce ya nemi abin yi. Da ya je ya tambayo kuɗi, me ya hana shi tambayo aikin kowanne?

To bari in yi miki bayanin lambobin da suka hana ki barci. Ma'ajiya rumbu ce, ram kuwa faifan da ake ɗebo hatsi a kai a yi aiki. Tab tana son babban rumbu da faffaɗan faifai domin aikinta da yawa: a yi WhatsApp, a ɗauki hoto, a tara bidiyon biki, a buɗe littafi, a yi kira, duk a lokaci guda. Akwatinki aiki ɗaya aka ƙera shi ya yi, ya jawo bidiyo daga intanet ya miƙa wa talabijin. Ba ya tara komai, abin yana zuwa yana wucewa. A cikinsa akwai wani sashe da aka gina don warware bidiyo kaɗai, shi ya sa da ram 2 ɗin nan da kika raina yake iya fitar da hoton 4K, wato ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Fuskar tab ɗin amarya kuwa inci 8.7 ce, ɗigonta 1340 da 800, ko cikakken HD ba ta kai ba. In a kyawun hoto ne, naki ne a gaba, sai dai in talabijin ɗinki ne bai kai ba.

Kuma kada ki ɗauka rowa aka yi miki da aka ba ki ram 2. Haka dangin akwatunan nan suke. Ƙaramar sandar Fire TV ta kamfanin Amazon, wadda ake soka wa a bayan talabijin, ram 1 gare ta da ma'ajiya 8, kuma gidaje ba iyaka a Amurka da Turai da ita suke kallo. Google da kansa, da ya daina yin Chromecast a 2024 ya fito da magajinsa, ram 4 da ma'ajiya 32 ya sa masa. Sai Apple TV 4K na 2022 da aka sa wa irin ƙwaƙwalwar iPhone 13, shi kuwa na masu kuɗin da suka rasa inda za su kai ne.

Ina kuɗin tab ya tafi? Ya tafi a gilashin da ake shafawa, da batir, da kamara gaba da baya, da lasifika, da gurbin layi. Akwati ba shi da ko ɗaya, aron fuska yake yi a wurin talabijin. Saboda haka in za ki yi lissafin adalci, ki haɗa kuɗin akwatin da na talabijin ɗin da ke falonki, sannan ki aiki ƙanen naki ya sake tambayowa.

Sai dai ban zo in yi miki daɗin baki ba. Akwai inda amarya ta fi ki, kuma duk wanda ke zaune a garin nan ya sani. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar Labarina, falonki zai yi tsit, ita kuwa tana ƙudundune cikin bargo tana ci gaba da kallonta. Shi akwatin ba ya shan wuta, ko wat 10 ba ya kaiwa, amma ba ya tsinana komai sai talabijin ya kama, talabijin kuwa sai wuta ko janareta ko sola. Tun Afrilun 2024 da aka tsauwala wa 'yan rukunin A kuɗin wuta bisa alkawarin awa 20 a rana, kowa ya san rukuninsa, kuma ke kika san awa nawa take zama a layinku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga kuma data, wadda ita ce babbar kishiyar da ba a gaya miki an kawo ba. Akwatinki ba a sa masa layi. Sai an kunna masa waifai daga waya ko daga ɗan akwatin intanet na gida, kuma in ya samu ba ya tausayi, hoto mafi kyau yake zaɓa da kansa. Netflix sun faɗa da bakinsu: kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1 a hoto na yau da kullum, giga 3 a HD, har giga 7 a 4K. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. In kika bar yara da rimot da hotsfot ɗin wayarki ranar Asabar, kafin la'asar datar wata ta zama tarihi. Tab kuwa ana iya sauke mata darasi ko fim da datar dare a kalla gobe ba intanet, abin da akwatunan nan ba su saba yi ba. Maganin naki biyu ne. A shiga saitin YouTube a mayar da hoton 480, ba wanda zai mutu. Sannan akwai ƙofar USB a bayan akwatin, a soka filash mai karatun Alƙur'ani da wa'azi da bidiyon sunan autanki, a kalla ba ko kwabo.

Yanzu bari mu zo kan abin da kika ɓoye a ƙasan wasiƙar, don Gwaggo ba yau ta fara karanta wasiƙun mata ba. Ba 64 da 8 ne suka soke ki ba. Ita an ba ta abin kanta, abin da za ta rungume ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ke an ba ki na gayya, na yara da baƙi da maƙwabta. Sai kika ji kamar ita aka tuna da ita a matsayin mace, ke kuwa an mayar da ke gida sukutum, kamar ba ki da sauran sha'awar kanki. Wannan ciwo ne na gaske, kuma uwayen gida da yawa suna ɗauke da shi ba sa faɗa. Shekara ta zagayo, amarya ta samu turare, uwargida ta samu babbar tukunya.

Amma ki juya abin ki duba ɗaya gefen. In Arsenal ko Barcelona na wasa, ko ana labaran ƙarfe tara, a ɗakin wa maigida zai miƙe ƙafa? Mutum bakwai ba sa taruwa a kan gilashi inci 8. Yaranki, da yaran da amarya za ta haifa in Allah ya kawo, duk a tabarmarki za su zauna, kuma abin da suke kallo yana gaban idonki, rimot yana hannunki. Wa ya sani ma ko wayo ya yi, ya saya wa kansa wurin hira a falonki ya ce kyauta ce.

Ga abin da za ki yi. Yau ɗin nan ki fito da akwatin, ki kaɗe masa ƙura, a jona. Ran girkinki ki yi masa gwaten da yake so, in yara sun kwanta ki buɗe baki. Ki fara da godiya. Sannan ki gaya masa a fili, ba da habaici ba, cewa kin ji ciwo da aka ba wata abin kanta ke aka ba ki na kowa, kuma ke ma mace ce mai son a tuna da ita ita kaɗai. Yawancin maza ba mugunta ce ke sa su irin wannan ba, rashin lura ne, kuma shirun mako uku ba ya koya musu komai sai cin abinci da sauri. Ki kuma ce masa wanda ya kawo akwati shi zai riƙa sa data, a yanka abin da za a riƙa saya duk wata. In bayan haka maganar bambancin kuɗin tana ci miki rai, ku je tare wurin malamin da kuka yarda da shi, wannan fagensu ne.

Maganar 'yarki kuwa ki raba ta da wannan rigima gaba ɗaya. Kada ki ɗora karatun yarinya a kan kishi, in kin yi haka uban zai ji kamar dabara ce ta karɓar tab ta bayan gida, sai ya taurare, yarinya ta yi asara. Ki bari kwana biyu su wuce, sannan ki kawo ta a matsayin buƙatar 'yarsa. Kuma kina da gaskiya, a nan akwati ba zai yi ba. Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta. Yarinya tana son abin da za ta riƙe ta amsa tambayoyin shekarun baya, ta karanta littafi, ta maimaita darasi ko babu wuta. Manhajar uLesson ma, wadda Sim Shagaya ya kafa a 2019, a nan Jos aka fara ɗaukar darussanta, kuma don waya da tab aka yi ta.

In zai saya, kada ya sayi ƙasa da ram 4 da ma'ajiya 64, kuma ta zama mai ɗaukar layi. Don karatu, fuska inci 10 ko 11 ta fi sauƙi ga ido, irin Galaxy Tab A9+ ko Infinix Xpad, masu batir wajen 7000. Ya kula da kwalin da aka rubuta ram 8 da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma 4+4 da ƙanana. Huɗun farko ce ta gaske, ta biyun aro ce daga ma'ajiya, kuma ba ta da saurin ta gaske. Ya kula da tab ɗin Amazon Fire da ake kawowa na hannu da araha, ba sa zuwa da Play Store, sai an sha wahala kafin manhajojinmu su hau. Tsohon iPad da ya daina karɓar sabuntawa ma haka, ga kyau a ido, manhaja ta ƙi shiga. Kuma ko an sayi tab, ki tura yarinyar cibiyar kwamfuta ta saba da madannai, don ranar jarrabawa ba shafa gilashi za ta yi ba.

Kafin kuɗin su samu fa? Ki tura ta ta gaida antinta, ta roƙi aron awa ɗaya bayan isha'i. Na san kin taɓe baki. Ki gwada dai. Amaryar da ta ga 'yar miji ta durƙusa ta ce Anti ki taimaka min, da wuya ta hana, kuma sau da yawa daga irin wannan ƙaramar ƙofa zaman lafiya yake shigowa gida.

Ku kuma maza, na san kuna leƙen filin nan a ɓoye. In za ku saya wa mata biyu abu, ku sayi iri ɗaya, ko ku yi bayani tun a bakin ƙofa. Abin da gida duka zai mora kada ku laƙaba wa uwargida ku ce kyautarta ce. Ku ce na gida ne, ita kuma ku nemo mata nata, ko da turmin atamfa ne.

Ga wasiƙa ta biyu, daga wani ɗana da ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi.

"Gwaggo, ni tela ne a Gangare, ina neman aure a Rikkos. Na so in burge baban yarinyar saboda yana son ƙwallo. Na sayi akwatin Android a kasuwa, a kwalin an rubuta 8K, ram 16, ma'ajiya 256, mai shagon ya ce tashoshi dubu ne kyauta har abada, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sauran ba. Na kai da kaina na jona, Baba ya sa min albarka. Bayan mako uku tashoshin ƙwallo suka ɗauke, in an danna rimot sai an ƙirga goma kafin ya motsa, fim kuma dishi-dishi. Yayan yarinyar ya ce datarsa tana ƙarewa ko ba wanda ke kallo. Na koma shago, an ce ba a mayarwa. Yanzu ƙannenta in sun hango ni sai su ce ga Yaya 8K nan. Kunya ta hana ni zuwa zance. Yaya zan yi?"
Tela mai neman aure, Gangare

Ɗana, Yaya 8K, ka yi haƙuri, sai da na share hawaye kafin na ɗauki biro. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai da kake auna yadi kullum, in aka kawo maka shadda gezna a kuɗin tetiron, ba za ka murza ta da yatsa ba?

Mu mutanen Jos bai kamata a yi mana wayon akwati ba, don mun riga kowa. A garin nan aka fara watsa talabijin mai kala a Najeriya, a 1975, daga tashar jihar Binuwai-Filato. A garin nan kuma aka ƙaddamar da gwajin komawa tsarin dijital ranar 30 ga Afrilu, 2016, aka raba akwatunan FreeTV. Sai dai tun daga lokacin mutane suke haɗa akwatuna biyu a ka. Dikoda, irin ta FreeTV ko GOtv ko StarTimes, da eriya ko tauraron ɗan'adam take kamo tasha, ba ruwanta da data. Akwatin Android kuwa komai nasa ta intanet ne. Wanda ya ce maka kyauta ne har abada bai lissafa maka data ba, tashoshin kuma na sata ne, ranar da masu su suka toshe hanya ranar suke ɗaukewa. Abin da ya same ka ke nan.

Lambobin kwalin kuwa fenti ne. Da yawa daga akwatunan nan marasa asali ƙananan ƙwaƙwalwa ake sa musu, irin Allwinner H616, wadda ko an so ba ta ɗaukar ram fiye da 4. Sai a gyara manhajar ciki ta riƙa nuna 16, a ciki kuwa 1 ce ko 2. Shi ya sa rimot yake tunani kafin ya amsa. Dishi-dishin ma da dalili. Akwai wani lasisin kariya mai suna Widevine, na'urar da ke da matakin L1 kuma Netflix suka amince da ita ce kaɗai ake ba hoto mai kyau, mai L3 kuwa 480 za ta tsaya, ko da an zana 8K da ruwan zinare a kwali. Wannan ya shafi tab masu araha ma, masu saye ku sani.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar yayan yarinyar. A Janairun 2023 wani masanin tsaron kwamfuta a Kanada, Daniel Milisic, ya gano cewa akwatin T95 da ya saya ya zo da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Aka bi diddigi aka ga abin ya yaɗu, aka sa masa suna BADBOX. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kansa, a Yuli kuma Google ya shigar da ƙara yana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne suka kamu. Aikin manhajar shi ne ta riƙa danna tallace-tallace a ɓoye, tana kuma ba wasu baƙi hayar intanet ɗin gidanka su yi abin da suka ga dama da shi. Akwatin da ke cin data ba mai kallo, ni dai ba zan bar shi ya kwana a jone ba.

Ka je ka cire shi. Kada ka ɓata lokaci wajen goge shi a mayar sabo, irin wannan cuta a cikin ƙashinsa take, tana dawowa. Duk wanda ya sa adireshinsa na Google a ciki ya canza kalmar sirri, a canza ta waifai ma.

Sannan ka wanke ido ka je gaban Baba, ba aike ba, ba saƙon waya ba. Ka durƙusa ka ce Baba an cuce ni a kasuwa, na kawo maka abin da ba shi da kyau, ka yafe ni. Dattijo ya fi ka sanin kasuwa, shi ma an taɓa yi masa. Abin da yake aunawa a wurin mai neman 'yarsa shi ne yadda yake yi in abu ya ɓaci, kuma ɓuyan da kake yi yanzu ya fi akwatin zubar maka da daraja. Yarinyar ma tana can tana zaton ka fasa. Ka je zance jibi. Ƙannen in sun ce Yaya 8K, ka amsa da na'am ka ba su alawa, sunan zai mutu da kansa.

In ka tashi sake saye, ban da cinikin biri a sama. A jona a shago a gabanka, a buɗe Play Store a shiga saiti a ga an rubuta cewa Play Protect ya tantance na'urar, a kunna YouTube da Netflix ka gani da idonka, a ba ka rasit mai garanti. In kuwa gidan ba mai ɗaukar nauyin data, dikoda ta fi musu. Da ni ce kai ma, babbar riga zan ɗinka wa Baba da aiki mai kyau a wuya, tunda ita ce ba wanda zai yi maka wayo a kanta.

Ta ƙarshe gajera ce, daga Bukuru.

"Gwaggo, ɗana shekararsa uku. Babansa ya saya masa tab, yanzu ba ya cin abinci sai an kunna masa katun, in an karɓe ya yi ta birgima har maƙwabta su leƙo. Kakarsa ta ce a bar shi, yaro ne. Ni kuma na ga ko magana bai cika yi ba."
Maman yaro, Bukuru

'Yata, yaro ɗan shekara uku ba ya mallakar tab, tab ce ta mallake shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri ba ruwansa da kallon na'ura sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga gobe babu kallo a kan abinci. Zai yi birgima, zai ƙi ci, ki daure, yunwa za ta sasanta ku. Katun ɗin a mayar da shi talabijin, inda yake zaune nesa, kina kusa, rimot yana hannunki, in rabin awa ta cika ki kashe ki tura shi tsakar gida cikin yara. Tab ɗin ta koma hannun babba, a sa mata kalmar sirri. Kaka kuwa kada ki yi musu da ita, ki roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniya lokacin cin abinci, kin ba ta aiki kin kuma samu mai goya miki baya. Maganar rashin yawan magana kuwa kada ki jira, ki kai shi wurin likitan yara a duba shi, har da kunnensa.

Masu rubuto min kan na'urori, don Allah ku riƙa sa cikakken sunan abin kamar yadda yake a kwali, da awa nawa kuke samun wuta a unguwarku, da wanda zai riƙa sayen data. In babu waɗannan, shawarata ba za ta zauna daidai ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.